Yaya zan gane harpis ne ya dawo ko wani infekshan ne daban?

Tambayar da wata 'yar'uwa ta turo, na taƙaita ta: "Assalamu alaikum likita, shekara biyu ke nan da aka ce min ina da harpis bayan wasu ƙuraje masu ruwa da suka fito min a gaba. Tun daga lokacin duk sanda na ji ƙaiƙayi ko zafi sai hankalina ya tashi, wani lokacin in sha maganin harpis ɗin ya lafa, wani lokacin ko gezau, sai in koma Flagyl da maganin matsi na kemis. Don Allah yaya zan bambance? Ina da aure kuma muna neman haihuwa."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan ruɗanin kusan duk macen da aka taɓa ce wa tana da harpis sai ta shige shi, don daga ranar da ta ji sunan ciwon duk wani motsi da ta ji a ƙasanta shi take ɗora wa, alhali mai harpis tana kamuwa da kandida (infekshan ɗin fangas mai sa ƙaiƙayi) da sauran infekshan kamar kowace mace, wani lokacin ma su haɗe mata a lokaci ɗaya.

Tambayar farko da nake wa mace in ta zauna a gabana ita ce, za ki iya nuna min wurin da yatsa ɗaya? Harpis in ya dawo ciwon wuri ɗaya ne, za ki ɗora yatsa ki ce nan ne, yawanci gefe ɗaya ko dama ko hagu, kuma in kin lura da kyau wurin da ya fito miki wancan karon ne ko dab da shi. Sauran da muke haɗawa mu ce sanyi su ba haka suke ba, gaba ɗaya wurin suke kamawa ciki da waje, mace ta ce "ko'ina ne likita", kuma da fitar ruwa suke zuwa. Harpis mai dawowa ba kasafai yake kawo fitar ruwa mai yawa ko wari ba.

Dalili kuwa, bairas ɗin ba a cikin farji yake zaune ba. Tun kamuwar farko ya bi jijiya ya je ya kwanta a tushen jijiyoyin da ke can ƙasan ƙashin baya, in ya farka sai ya biyo jijiyar ya fito a fatar da take kaiwa. Shi ya sa wasu matan ba a gaba ma yake fito musu ba, a ɗuwawu ne ko saman cinya ko gefen dubura, su yi ta cewa cizon ƙwaro ne ko basir shekara da shekaru. Kuma shi ya sa kusan rabin masu shi suke jin alamar tahowarsa kafin a ga komai a fata, awanni kaɗan ko kwana ɗaya zuwa biyu: wurin ya riƙa yam-yam ko tsikari ko ɗan raɗaɗi, wata ta ji zugi yana harbawa daga ɗuwawu zuwa bayan cinya a ƙafa ɗaya, wata ko wando ya goge wurin sai ta ji. Kandida ba ta harba ciwo zuwa cinya, in kina jin wannan toh alama ce mai ƙarfi.

Daga nan sai wurin ya yi ja, ƙananan ƙuraje masu ruwa garai-garai su fito a cure, biyu ko uku ko biyar. A cikin leɓɓan gaba inda ke da damshi da wuri suke fashewa, mata da yawa ba su taɓa ganin ƙurajen da ido ba, abin da suke tararwa ƙananan miki ne marasa zurfi masu zafi in an taɓa ko ruwa ya zuba. Kaluluwa tana iya ɗan tasowa a matsematsin gefen. Cikin kwana 5 zuwa 10 ya warke da kansa ko ba a sha komai ba, yawanci babu tabo. Kar ki jira irin na farkon nan da ya kwantar da ke da zazzaɓi da miki ta ko'ina har sati biyu ko uku, na dawowa bai kai shi ba ko kusa, kuma yana ƙara sauƙi yana ƙara jinkiri in shekaru suka ja.

Ki lura da wannan sosai: harpis zuwa yake ya tafi. Ƙaiƙayin da ya kama ki sati uku, wata guda, kullum babu hutu, da wuya ƙwarai ya zama shi. Irin bairas ɗin ma yana da tasiri, don harpis iri biyu ne, HSV-1 da HSV-2. HSV-2 a shekarar farko matsakaicin dawowarsa kamar sau 4 ne, shi kuwa HSV-1, wanda shi ne mai feso wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi kuma yana sauka gaba ta hanyar wasa da baki, in a gaba yake kamar sau 1 yake dawowa a shekarar farko, wasu ma shi ke nan ba su ƙara ganinsa. Toh in aka gwada aka ce naki HSV-1 ne amma duk wata kina fama, a nemi wani dalilin.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce kandida. Mata 3 cikin 4 sai sun yi ta ko sau ɗaya a rayuwa. Ita babbar alamarta ƙaiƙayi ne, irin wanda ke hana barci mace ta yi ta susa har ta ji wa kanta ciwo, gefe biyun duka su yi ja su ɗan kumbura, farin ruwa mai kauri guda-guda kamar kindirmo, babu wari. Tana son zuwa bayan an sha antibayotik, ko da ciki, ko in suga ya hau, ko lokacin zafi da gumi ga wandon roba mai matsewa. Inda matsalar take, kandida tana sa fata ta tsage, ƙananan tsagu a cikin lanƙwasar leɓɓan ko a ƙasan bakin farji, suna zafi in fitsari ya taɓa, kuma harpis ma wani lokacin ba ya yin ƙuraje sam, tsaga ɗaya kawai yake yi. Yadda nake rarrabewa, tsagar kandida tana zuwa ne a cikin jan fata da ƙaiƙayi na ko'ina kuma sau da yawa fiye da ɗaya ce, ta harpis kuwa ita kaɗai ce a fata mai lafiya, ta zo ta warke ta sake dawowa wurin nan dai. Kar ki dogara da lokacin al'ada wajen bambancewa, su biyun duka suna son tasowa dab da ita.

BV kuwa, wato infekshan ɗin da rikicewar bakteriyar cikin farji ke kawowa, ba ta da wuyar ganewa, ruwa ne tsararo fari-fari ko ruwan toka mai ƙarnin kifi, ƙarnin ya fi tashi bayan saduwa ko bayan al'ada, babu miki, ƙaiƙayi kaɗan ne ko babu. Bakteriyar kirki ta cikin farji ce ta ragu wasu suka yi yawa, kuma wanke ciki da sabulu ko Dettol da cushe-cushen kayan matsi suna cikin abin da ke jawo ta. Ita ce Flagyl yake wa aiki. Sai tirikomonas, ruwa mai kumfa rawaya-kore da wari da raɗaɗi, ita ta saduwa ake ɗauka, Flagyl ne maganinta ita ma amma dole maigida ya sha, in da abokiyar zama ita ma ta sha a lokaci ɗaya, in ba haka ba zagaye kawai za ta yi ta yi a gidan. Flagyl ba ya taɓa harpis ko kaɗan, ba ya taɓa kandida, hasali ma bayan shansa kandida tana iya tasowa.

Zafin fitsari ma a kula da inda ake jinsa. In a ciki ne, mara na ciwo, kina zuwa fitsari akai-akai kaɗan-kaɗan, wannan mafitsara ce. In a waje ne daidai lokacin da fitsarin ya gangaro ya taɓa wani wuri, akwai miki ko tsaga a wurin. Gwada zuba ruwa da buta a hankali kina cikin fitsarin, in zafin ya ragu sosai toh daga fata ne.

Akwai wani abu da nake so mata su sani don yana kwaikwayon harpis sosai kuma ba a cika tunaninsa ba. Wasu magungunan suna sa wa mutum tabo ko bororo a wuri ɗaya tak duk lokacin da ya sha su, kuma al'aura da leɓe suna cikin wuraren da ya fi fitowa. Septrin ya yi suna a wannan, Fansidar ma, da tetirasaikilin da wasu magungunan ciwon jiki. Mace ta sha Septrin don ciwon ciki ko tari, cikin awanni ko kwana ɗaya wuri ya yi ja ya yi zafi ya ɗuri ruwa ya saɓule, ya warke ya bar baƙin tabo zagayayye, bayan wata uku ta sake sha ya dawo wurin. Kin ga ya cika sharaɗin "wuri ɗaya yana dawowa" tsaf. Bambancin shi ne yawanci faffaɗan tabo ɗaya ne ba tarin ƙananan ƙuraje ba, yana barin baƙi, kuma in kika bi baya za ki ga kullum bayan shan maganin ne. Tunda kin ce kina yawan sayen magani a kemis, ki tuna da kyau me kika sha kafin kowane tashi.

Ƙurjin aski shi a inda gashi yake yake fitowa, da mugunya a kansa, sau da yawa za ki ga silin gashi a tsakiya. Sabulu mai ƙamshi, turare, miski, alimun, wani irin pad, su kuma ƙuna suke yi a duk inda suka taɓa, kuma in an daina sai ya lafa. Tunjere miki ɗaya ne mai tauri a gindi wanda ba ya zafi, ya warke da kansa cikin sati 3 zuwa 6 ciwon kuma yana nan a jini, ga mai neman haihuwa wannan ba abin wasa ba ne don yana kashe ɗa a ciki, gwajin jininsa kuwa mai sauƙi ne kuma allurar fenisilin tana warkar da shi. Wadda ta taso tana wanka ko wanki a rafi, dam ko kwatar noman rani, in tana ganin jini bayan saduwa da ruwa da ƙaiƙayin da ya ƙi ji, a tuna da tsargiya, tana kama al'aurar mata ba mafitsara kaɗai ba. Duk mikin da ya wuce wata guda bai warke ba kuwa a je asibiti a yi gwajin HIV a duba wurin da kyau, in ta kama a yanki ɗan nama a auna, musamman ga manyan mata.

Duk wannan bayanin yana taimakawa amma ido yana kuskure, har idon likita. Ba ki faɗa min ko gwaji aka yi miki wancan karon ko kallo kawai aka yi ba, in kallo ne ina ba ki shawara ki tabbatar ko sau ɗaya. Gwajin da ya fi shi ne a goga auduga a kan mikin kansa a kai gwajin PCR mai neman ƙwayar halittar bairas ɗin, shi zai ce harpis ne ko ba shi ba ne kuma ya faɗi 1 ne ko 2. Amma lokaci ne sirrinsa, a cikin awa 48 na farko tun mikin yana ɗanye, in ya fara bushewa ana iya samun babu alhali akwai. Don haka tun yanzu da kike lafiya ki je asibitin mata ki tambayi inda ake yi da kuɗinsa, ranar da ya fito kawai ki tafi, kar ki shafa komai a wurin kafin ki je.

Gwajin HVS da aka saba yi, wato a ɗebi ruwan cikin farji da auduga a auna, ba ya ganin harpis kwata-kwata, wannan ki riƙe shi. Yana da amfani wajen kandida da BV da tirikomonas. Abin da ke damuna shi ne mace ta kai HVS a ce an ga bakteriyar staf, a ɗora ta a kan allurai na sati guda, alhali staf yana zaune a fatar mutane da yawa lafiya lau kuma sau da yawa ba shi ne mai laifin ba, mikin harpis ya warke don lokacinsa ya yi a ce allura ce ta yi aiki, bayan sati biyu kandida ta taso saboda antibayotik ɗin, a sake komawa HVS. Mata da yawa a wannan zagayen kuɗinsu da kwanciyar hankalinsu suke ƙarewa. Gwajin jini kuma, mai neman garkuwar da jiki ya yi wa bairas ɗin, iri biyu ne: na IgM kar ki ɓata kuɗinki ba abin dogaro ba ne. Na IgG mai rarrabe 1 da 2 yana nuna kin taɓa haɗuwa da bairas ɗin, yana iya ɗaukar har sati 12 bayan kamuwa kafin ya nuna, amma ba zai ce miki zafin da kike ji yau shi ne ba.

Abin da za ki iya yi a gida: ki sami ƙaramin madubi da haske mai kyau ki duba duk sanda kika ji wani abu, in kin ga miki ki ɗauki hoto a ranar don sau da yawa kafin a ga likita ya warke, ki ajiye a inda ke da makulli a wayar, kar ki tura wa kowa, likita ta gani ki goge. Ki riƙa rubuta rana, gefen da ya fito, akwai ruwa ko babu, kwana nawa ya yi, me kika sha ko kika shafa kafin nan, da ranar al'ada. Wata uku zuwa huɗu na wannan rubutun ya fi min dogon bayani amfani.

Maganar kin sha magani wani lokacin ya yi wani lokacin bai yi ba, fassararta biyu ce. Ko dai ba harpis ba ne a wannan karon, ko kin makara. Asiklobir, wanda wasu suka sani da Zovirax, yana aiki ne in an fara shi tun ana jin yam-yam ɗin ko cikin awa 24 da fitowar ƙurajen, bayan kwana uku kusan aikin banza ne. Ana ba da 400mg sau uku a rana kwana 5, ko 800mg sau uku a rana kwana 2, ko balasiklobir 500mg sau biyu a rana kwana 3, likitarki ta zaɓa miki ta rubuta ki ajiye a gida tun kafin ya zo, a sha ruwa sosai, mai ciwon ƙoda kuma sai an rage mata. Na shafawa amfaninsa kaɗan ne. Su Funbact-A da ire-irensu masu haɗi uku akwai sitiroyid a ciki, ki nisanta su da miki. Wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ba ruwa mai ƙuna ba, ki tsane a hankali, farasitamol, wandon auduga, ki wanke hannu bayan kin taɓa kar ki kai ido.

In yana dawo miki sau 4 zuwa 6 ko fiye a shekara, ko yana hana ki sakewa da mijinki, akwai na kullum, asiklobir 400mg safe da yamma, yana rage dawowar da kashi 70 zuwa 80 cikin 100, kuma shi kansa yana warware ruɗanin, don in kina shansa ba fashi amma ƙaiƙayin yana nan yadda yake, kin san wani abu ne daban. Na kandida kuma tunda kina neman ciki ki bar ƙwayar fulukonazol ta sha, ki yi amfani da wanda ake sawa a farji irin Canesten, in kuma tana yawan dawowa a auna miki suga.

Game da maigida, ba a bayan gida ake ɗaukar harpis ba, fata da fata ne, kuma yana iya wucewa ko babu miki a lokacin. Amma mafi yawan masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba, yana iya kwanciya shekaru bai nuna ba, don haka fitowarsa yau ba hujja ba ce cewa wani ya ci amanar wani, na ga zargin da ya taso a kan wannan tsakanin mata da miji ko tsakanin kishiyoyi ba tare da wani tushe ba kuma abin yana min ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke da HSV-2, Afirka ce kan gaba kuma mata sun fi maza. Ku dakata da saduwa daga jin alamar farko har fata ta rufe gaba ɗaya, ku yi gwajin HIV da tunjere ku biyun, don HSV-2 yana ninka haɗarin kamuwa da HIV kusan sau uku.

Harpis ba ya hana ɗaukar ciki. Ke da kika daɗe da shi jikinki ya riga ya yi garkuwar da za ta ratsa zuwa ga jariri, haɗarin ya kama shi wajen haihuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne, wadda ke cikin haɗari sosai ita ce wadda ta kamu karon farko a ƙarshen ciki, nan yana kaiwa kashi 30 zuwa 50. In Allah ya kawo rabo ki faɗa musu tun ranar awon farko a rubuta a katinki, daga sati 36 akan ba da asiklobir kullum har haihuwa, ki haihu a asibiti, in naƙuda ta zo kina jin alama ko akwai miki ki faɗa da bakinki kafin a duba ki don a yanke shawarar ko tiyata ce ta fi. Bayan haihuwa duk mai ƙuraje a leɓe kar ya sumbaci jaririn, ko ke ce ko 'yan barka ko ranar suna, kuma in a cikin sati shida na farko kika ga ƙuraje masu ruwa a jikinsa, ko zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono ya yi laushi, a ranar za ki kai shi asibiti ki gaya musu kina da harpis.